Anthony Allison da binciken da ya haɗa sikila da cizon sauro: tambayoyi da amsoshi

Kusan duk gidan da ke da mai sikila an taɓa yin wannan tambayar: daga ina wannan ciwo ya fito, kuma me ya sa ya fi yawa a cikinmu? Mutumin da ya fara ba da amsa mai hujja wani likita ne mai suna Anthony Allison, a shekarar 1954. Ga tambayoyin da aka fi yi game da shi, da bincikensa, da abin da binciken ke nufi ga mai ɗauke da AS ko SS a yau.

Wane ne Anthony Allison?

An haife shi a 1925 a Afirka ta Kudu, amma a Kenya ya tashi, a gonar mahaifinsa kusa da garin Gilgil. Tun yana yaro ya sha fama da zazzaɓin cizon sauro, don haka ba a littafi ya fara sanin cutar ba. Ya yi karatu a Jami'ar Witwatersrand da ke Johannesburg, sannan ya wuce Oxford a Ingila inda ya kammala karatun likita. Ya yi shekaru kusan 20 yana bincike a cibiyoyin gwamnatin Birtaniya a Landan, ya koma Nairobi na ɗan lokaci ya shugabanci wata cibiyar binciken cututtukan dabbobi, daga nan ya tafi Amurka a 1981. Ya rasu a jihar Kalifoniya a watan Fabrairun 2014 yana da shekara 88.

Kafin a shiga bincikensa, me yake faruwa a jinin mai sikila?

Jajayen ƙwayoyin jini su ne ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu su kai ta ko'ina a jiki. Ɓargo ne ke ƙera su. Kowace ƙwaya ƙarama ce ƙwarai, faɗinta bai wuce kashi 7 zuwa 8 cikin 1000 na milimita ɗaya ba, kuma tana da taushi, tana lanƙwashewa ta ratsa jijiyoyin da suka fi ta ƙanƙanta. Abin da ya cika ta shi ne sinadarin himogulobin, wanda shi ne ke riƙe oksijin ɗin, shi ne kuma ya ba jini launin ja. Ƙwaya ɗaya tana ɗauke da ɗaruruwan miliyoyinsa.

Himogulobin na yawancin mutane shi ake kira A. Akwai kuma wanda ake kira S. Shi wannan S ɗin lafiya lau yake muddin yana riƙe da oksijin. Da zarar ya sake ta, sai ya riƙa mannewa da 'yan'uwansa, su yi dogayen zaruruwa masu tauri a cikin ƙwayar, har su tanƙware ta ta koma siffar lauje. Ƙwayar da ta yi haka ta rasa taushinta. Tana maƙalewa a ƙananan jijiyoyi, jini ya kasa wucewa, wurin ya rasa iska. Wannan shi ne ciwon ƙashi da gaɓoɓi da ke hana yaro barci, shi ne kuma ke lalata saifa da ƙoda da ƙashin ƙugu a hankali, wani lokaci ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ban da haka, lafiyayyar ƙwaya tana yin kwana 120 kafin ta mutu, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 kacal. Ɓargo ba ya iya cike gurbin da sauri, shi ya sa jini ba ya isa, ido kuma ya yi rawaya.

Kowane mutum yana gadon ƙwayar halitta biyu ta wannan sinadari, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wanda ya gaji A da A shi ne AA. Wanda ya gaji A da S shi ne AS, yana ɗauke da abin amma ba shi da ciwon. Wanda ya gaji S ta ɓangare biyu shi ne SS, mai amosanin jini.

Me masana suka sani kafin Allison?

Sun san abubuwa da dama. A 1910 wani likita a Shikago, James Herrick, ya wallafa bayanin ƙwayoyin jini masu siffar lauje da aka gani a jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Grenada. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa matsalar tana cikin himogulobin ɗin kansa. A wannan shekarar dai James Neel a Amurka da E. A. Beet a ƙasar da yanzu ake kira Zambiya suka fayyace yadda ake gadon ciwon. Abin da babu wanda ya iya amsawa shi ne dalilin yawansa.

Mene ne abin da ya ɗaure wa Allison kai?

A 1949, yana ɗalibi, ya bi ayarin Jami'ar Oxford zuwa Dutsen Kenya. Sauran 'yan ayarin tsirrai da ƙwari suka je nema, shi kuwa jinin mutane ya riƙa ɗiba daga ƙabilu daban-daban, da niyyar gano dangantakarsu ta hanyar rukunin jini. Gwajin sikila na wancan zamani mai sauƙi ne. Za a ɗiga jini a kan gilashi, a haɗa da wani sinadari mai janye oksijin, a rufe, a ɗan jira, sannan a leƙa ta madubin likita. In mutum yana da S, sai a ga ƙwayoyin da ɗazu suke zagaye sun miƙe sun yi tsini.

Da ya jera sakamakon sai ya ga abin mamaki. A bakin teku da kewayen Tafkin Victoria, fiye da mutum 20 cikin 100 suna ɗauke da S. A kan tuddai masu sanyi da wurare masu ƙarancin ruwa kuwa, ko mutum 1 cikin 100 bai cika ba. Kuma rabon bai bi yare ko asali ba. Ƙabilu biyu masu yare kusan ɗaya sai a samu ɗaya tana da shi da yawa, ɗayar babu.

Ga inda lissafi ya ƙi. A ƙauyukan Afirka na lokacin, yaron da aka haifa SS da wuya ya kai shekara biyar. Duk yaron da ya rasu ya tafi da ƙwayoyin S guda biyu, bai bar wa kowa ba. In haka ne, ya kamata abin ya riƙa raguwa daga zuriya zuwa zuriya har ya ɓace. To ga shi bai ragu ba, har a wasu wurare na Yuganda masu ɗauke da shi sun kai kashi 40 cikin 100. Dole akwai wani abu da ke mayar da abin da mutuwa ke ɗebewa. Da Allison ya dubi wuraren da S ya yi yawa, sai ya ga duk ƙasar sauro ce, mai zafi da damshi, inda maleriya ba ta yankewa.

Ta yaya ya tabbatar da zarginsa?

Sai da ya gama karatun likita sannan ya samu komawa, ya shafe mafi yawan shekarar 1953 a Gabashin Afirka. Hanya uku ya bi.

Ta farko, ya duba jinin yara 290 a yankin Kampala. Cikin 43 masu ɗauke da S, 12 ne aka ga ƙwayar maleriya a jininsu, wato kusan kashi 28 cikin 100. Cikin 247 da ba su da S, an gan ta a jinin 113, kusan kashi 46. Har waɗanda suka kamu cikin masu S, yawan ƙwayar cutar a jininsu bai kai na sauran ba. Ya zaɓi yara ne da gangan, domin babba wanda ya girma a ƙasar sauro ya riga ya samu garkuwa daga yawan kamuwa, ko AA ne shi ko AS, bambancin ba zai fito sosai ba. Ƙananan yara ne maleriya ke kashewa, a nan ne kuma za a ga wanda ke da kariya.

Ta biyu, a Nairobi akwai wani ɗakin gwaji da ake sa wa manya maleriya don a gwada sababbin magunguna. Allison ya yi amfani da wannan dama ya kwatanta maza 30 'yan ƙabilar Luo, 15 masu S, 15 marasa shi. Cikin marasa S, 14 suka kamu. Cikin masu S, 2 kawai.

Ta uku ita ce mafi wahala, kuma a ganina ita ce mafi ƙarfi. Ya zagaya Kenya da Yuganda da Tanganyika (Tanzaniya ta yanzu) ya gwada jinin mutum kusan 5,000, ya ɗora taswirar sikila a kan taswirar maleriya. Suka dace. Babu inda ya samu S da yawa a wurin da babu maleriya mai tsanani.

A 1954 ya fitar da maƙaloli uku, mafi shahara ita ce wadda ta fito a mujallar British Medical Journal. Bayaninsa shi ne: a ƙasar maleriya, yaro AA yana cikin haɗarin zazzaɓi, yaro SS yana cikin haɗarin sikila, AS ne ke tsallake duka biyun. Su ne suka fi kaiwa girma su haihu, don haka S ke ci gaba da yawo. Lissafi ya nuna cewa kafin masu ɗauke da S su tsaya a kashi 40, sai AS ya fi AA damar rayuwa da kusan kashi 25 cikin 100. Wannan adadi kaɗai ya isa ya nuna irin ɓarnar da maleriya ta yi wa yaran Afirka tsawon dubban shekaru.

Sa wa mutane cuta da gangan, ya dace kuwa?

Tambaya ce da ya kamata a yi. An kira mutanen 'yan sa-kai, an kuma yi musu magani bayan gwajin. Amma a Kenya ta zamanin mulkin mallaka aka yi wannan aiki, inda Bature likita ke da iko, talaka baƙar fata kuwa ba shi da bakin musu. Yardar da aka bayar a irin wannan hali ba ta kai yardar da ake nema yanzu ba. Har yau ana yin gwajin sa wa mutane maleriya don gwada rigakafi, har a Kenya ɗin, sai dai da sa-idon kwamitin ɗa'a, da cikakken bayani, da 'yancin janyewa a kowane lokaci. Mutanen nan 30 suna da haƙƙi a cikin wannan ilimi, ko da yake littattafai sunan Allison kaɗai suka riƙe.

Shi ne ya fara faɗar haka? Kuma an yarda da shi nan take?

Ba shi kaɗai ya hango ba. Tun 1946 Beet ya lura cewa masu S ba su cika nuna maleriya a jini ba, wani likita P. Brain ma ya yi irin wannan tsokaci a 1952. A 1949 masanin gado J. B. S. Haldane ya kawo shawarar cewa maleriya ce ta yawaita wani ciwon jini na yankin Bahar Rum mai suna talasimiya. Abin da Allison ya yi daban shi ne ya fita ya tara hujja ta fuskoki uku, ya kuma haɗa ta da lissafin gado.

An yi masa gardama sosai. A 1955 Ernest Beutler ya maimaita gwajin sa cutar a kan fursunoni a Amurka, bai samu babban bambanci tsakanin AS da AA ba. Wannan ya sa wasu suka yi watsi da maganar. Gaskiya ne cewa gwajin Nairobi, wanda aka fi ambato, shi ne mafi rauni cikin hujjojinsa uku, domin mutanen kaɗan ne kuma manya ne da suka saba da cutar. Amma likitoci a Yuganda da Kwango suka duba yaran da maleriyar ƙwaƙwalwa ta kashe, suka tarar da wuya a samu AS a cikinsu. Daga baya babban binciken da aka yi a Gambiya, wanda aka wallafa a 1991, ya nuna AS na rage haɗarin maleriya mai tsanani da kusan kashi 90 cikin 100. Binciken da aka yi a Kisumu da Kilifi a Kenya ya ƙara tabbatar da hakan. Abin da ya fito fili shi ne AS bai cika hana kamuwa ba, abin da yake hanawa shi ne cutar ta kai ga kisa.

An taɓa gwada wannan magana a ƙasar Hausa?

Ƙwarai kuwa, kuma ɗaya ne daga cikin bincike mafi daraja a wannan fanni. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da babban aikin binciken maleriya a gundumar Garki, wadda a lokacin tana jihar Kano, yanzu kuma tana Jigawa. Alan Fleming, masanin jini da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi da abokan aikinsa suka duba ɓangaren sikila, suka wallafa a 1979.

Sun samu AS a kashi 24 cikin 100 na jarirai sababbin haihuwa. A cikin waɗanda suka haura shekara biyar kuwa, kashi 29. Mutum ba ya canzawa daga AA zuwa AS. Abin da ya ɗaga adadin shi ne yaran AA sun fi mutuwa a waɗannan shekaru biyar na farko. Maganar Allison ke nan a zahiri, a cikin ƙauyukanmu. Ɗaya ɓangaren sakamakon ya fi ciwo: kusan kashi 2 cikin 100 na jarirai SS ne, amma da ƙyar ake samun SS a cikin manya. Kusan dukkansu sun rasu tun suna ƙanana, yawanci ba tare da iyayensu sun san sunan abin da ya ɗauke su ba. Mata nawa aka ce suna wabi, ko aka ɗora wa iska da maita, alhali wannan ne?

Ta wace hanya AS ke ba da kariya?

Allison bai warware wannan ba, kuma da alama hanyar ba ɗaya ba ce. Ƙwayar maleriya mai kisa, wadda ake kira falsifarum, a cikin jan ƙwayar jini take zama, himogulobin take ci. A 1970 Lucio Luzzatto da abokan aikinsa a Ibadan suka nuna cewa ƙwayar jinin AS da cutar ta shiga ta fi saurin tanƙwarewa, saifa kuwa aikinta ke nan, ta tsince ƙwayoyin da suka lalace ta hallaka su da abin da ke cikinsu. A 1978 wasu masana suka nuna cutar ba ta girma da kyau a jinin AS in oksijin ya yi ƙasa. Bincike na baya-bayan nan ya ƙara wani abu: falsifarum tana fito da wasu ƙusoshi a bayan ƙwayar jini don ta manne a bangon jijiya, ta guje wa saifa, kuma wannan mannewa ce ke toshe jijiyoyin ƙwaƙwalwa. A ƙwayar AS ƙusoshin ba sa fitowa daidai, mannewar ta yi rauni.

Ni AS ne. Ke nan maleriya ba za ta kama ni ba?

Za ta kama ka. Kariyar ta fi aiki a ƙuruciya, kuma a kan nau'in da ke kai yaro ga suma da jijjiga da ƙarewar jini. Kashi 90 ma ba 100 ba ne. Ka kwana a gidan sauro, in ka ji zazzaɓi ka yi gwaji ka sha magani kamar kowa. Mai juna biyu AS ita ma ta karɓi maganin rigakafin da ake bayarwa wajen awo.

To mai SS fa, tunda S ɗinsa biyu ne, kariyarsa ta ninka?

A'a, kuma wannan kuskure ne mai haɗari. Mai SS jininsa dama bai isa ba, saifarsa kuma takan daina aiki tun yana ƙarami. Maleriyar da wani yaro zai kwanta kwana uku ya tashi tana iya zubar da jinin mai SS cikin dare ɗaya, ko ta tayar masa da ciwon. Cikin yaran da aka kwantar a asibiti da maleriya, masu SS sun fi mutuwa nesa ba kusa ba. Shi ya sa a ƙasashenmu ake ɗora su a kan maganin rigakafin maleriya, kuma zazzaɓi a jikin yaro mai sikila maganar asibiti ce a ranar, ba a jira gobe.

Ina labarin AC da SC?

C wani nau'in himogulobin ne da ya fi yawa a arewacin Ghana da Burkina Faso. Allison ya yi rubutu a kansa a 1956. A Garki kaɗan aka samu, ƙasa da mutum 1 cikin 100, amma Hausawan zango a Ghana sun san shi sosai. Wani bincike a Burkina Faso a 2001 ya nuna shi ma yana kare mutum daga maleriya, musamman CC. Wanda ya gaji S da C yana da sikila, galibi ba ta kai ta SS tsanani ba, sai dai tana taɓa ido da ƙashin ƙugu, tana kuma wahalar da mace lokacin goyon ciki. Don haka auren AS da AC ma abin dubawa ne.

In aka kawar da maleriya, sikila za ta ɓace?

Za ta ragu, amma a hankali ƙwarai, cikin ɗaruruwan shekaru. Allison ya kawo misalin baƙaƙen fatar Amurka, waɗanda kakanninsu suka fito daga yankunan da S ke da yawa, yanzu kuwa kusan mutum 1 cikin 13 ne ke ɗauke da shi. Rashin maleriya ya taimaka, cuɗanyar jini da wasu al'ummomi ma ta taimaka. Mu a nan ba abin jira ba ne.

Wane aiki kuma ya yi ban da wannan?

Da yawa, har wasu na ganin yawan tsalle daga fanni zuwa fanni ne ya rage masa shahara. Jinin sikila da ya bari a ɗakin binciken Cavendish a Cambridge shi Vernon Ingram ya yi aiki da shi ya gano, a 1956 da 1957, cewa duk bambancin A da S amino asid ɗaya ne tak, wato tubali ɗaya cikin tubalan da aka gina himogulobin da su: a gurbi na 6 na sarƙar beta, balin ya maye gurbin gulutamik asid. A 1961 Allison da David Clyde suka kawo hujjar cewa ƙarancin sinadarin G6PD a jajayen ƙwayoyin jini shi ma yana da alaƙa da kariya daga maleriya. Aikin da ya yi da Baruch Blumberg kan bambance-bambancen sinadaran jini shi ne ya buɗe hanyar da Blumberg ya bi har ya gano ƙwayar cutar hanta nau'in B, ya samu kyautar Nobel a 1976. Allison kansa bai samu ba.

A kamfanin Syntex a Amurka, shi da matarsa Elsie Eugui suka jagoranci samar da maganin da ake sayarwa da sunan CellCept, wanda aka amince da shi a 1995. Yana hana garkuwar jiki ƙin karɓar sabuwar ƙoda ko zuciya ko hanta. Yawancin waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, har a asibitocinmu, sun san shi.

Binciken nasa ya kawo maganin sikila?

Bai kawo ba. Ya bayyana dalili ne, bai ba da magani ba, kuma a nan ne tarihin wannan ciwo yake da ɗaci. Sikila ce cuta ta farko da aka gano tushenta har zuwa ƙwayar sinadari, tun shekarun 1950, ana koyar da ita a kowace makarantar likita a duniya a matsayin abin alfaharin kimiyya. Amma sai 1986 aka tabbatar cewa ba wa ƙananan yara fenisilin kullum yana hana cututtukan da ke kashe su. Sai 1995 aka tabbatar da amfanin maganin haidroksiyuriya, Amurka ta amince da shi a 1998. Shekara 40 ke nan tsakanin sanin ciwo da samun maganin farko. Ban yarda cewa wahalar ilimin ce kaɗai ta jawo wannan jinkiri ba. Masu ciwon talakawa ne, yawancinsu baƙaƙen fata, ba kasuwar da kamfanonin magani ke rububi ba.

Haidroksiyuriya yana ƙara himogulobin F, irin na jariri, wanda ke hana S yin zaruruwa. Wannan F ɗin ne dalilin da ya sa jariri SS yake lafiya a watannin farko, sai wajen wata shida a fara ganin kumburin hannu da ƙafa. An daɗe ana tsoron ba da maganin a ƙasar maleriya, har sai da wani gwaji a Angola da Kwango da Kenya da Yuganda, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna yana rage tashin ciwo da ƙarin jini da mutuwa, har maleriyar ma ta ragu da kusan rabi. A Kano, likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun nuna ana iya auna gudun jini a jijiyoyin kan yaro da na'ura, a gano wanda ke gab da shanyewar ɓarin jiki, a tare abin da haidroksiyuriya.

Warkewa gaba ɗaya tana samuwa ta dashen ɓargo, in an dace da ɗan'uwa wanda jininsa ya yi daidai. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, wanda ke gyara ƙwayar halittar mutum don jikinsa ya koma yin F. An sa kuɗinsa a lokacin dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Nijeriya kuwa, wadda ta fi kowace ƙasa yawan masu ciwon, ana ƙiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 da shi duk shekara. Abin da zai ceci waɗannan yara yanzu shi ne gwaji tun suna jarirai, fenisilin, allurar rigakafi, maganin maleriya, folik asid, yawan shan ruwa, da haidroksiyuriya a farashin da uba zai iya saya kowane wata.

Me wannan bincike ke cewa game da aure?

Abu na farko, ya cire kunya daga maganar. AS ba tabo ba ne a dangi, ba alhakin wani ba ne, ba laifin uwa ba ne ita kaɗai kamar yadda ake yawan ɗora mata. Duk yaro SS, rabi daga uba ya samo. Wanda ke AS yana ɗauke ne da abin da ya raya kakanninsa a lokacin da zazzaɓi ke kwashe yara.

Na biyu, lissafi. In kusan mutum 1 cikin 4 AS ne, to cikin aure 16 za a samu 1 da miji da mata duka AS ne. A irin wannan aure, kowane ciki yana da damar 1 cikin 4 ya zo SS, 2 cikin 4 AS, 1 cikin 4 AA. A lura, kowane ciki lissafinsa daban. Ba wai in an haifi ɗaya mai ciwo sauran ukun sun tsira ba. Akwai gidan da aka haifi biyar babu ko ɗaya, akwai wanda uku a jere duk SS.

Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, har da na jinotayif. Doka tana da amfani, amma lokacin gwajin ya fi ta muhimmanci. Gwajin da aka yi bayan an kai kuɗin aure an sa rana, zukata sun riga sun ƙullu, shi ke sa mutane neman takardar bogi. A yi wa yara tun suna makaranta, a ɗakin gwajin da aka amince da shi, a maimaita a wani wuri in akwai shakka, domin sakamakon kuskure yana faruwa. Kuma a nemi gwajin da ke bambance A da S da C, domin gwajin gilashi irin na zamanin Allison yana nuna akwai S ne kawai, ba ya raba AS da SS, C kuwa ba ya ganinsa sam.